"Da Sauƙi" Gaisuwa Ce: Yadda Ake Auna Ciwon Baya da Gaɓoɓi a Asibiti

(Kiɗan taken shiri, sannan a rage shi a hankali)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Gaya da Ajingi: na Kademi da Shagogo da Balan da Gamarya, na Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa, har zuwa ƙauyukan da ke bakin iyakarmu da Jigawa. Sannunku da aikin kaka. Na san wani yana jin mu ne rediyo na rataye a reshen bishiya a bakin gona, wata tana jin mu tana roron wake, wani kuma yana kwance a kan tabarma saboda tun da ya sunkuya ya ɗauki damin dawa, baya ya riƙe. To da wannan na ƙarshen za mu fi yin magana yau.

Zancen namu a kan kalmomi biyu yake, waɗanda kowannenmu ya faɗa sau babu adadi. Ka je duba mara lafiya, ka ce masa, "Ya jiki?" Me zai ce? "Da sauƙi." Ko yana juyi a shimfiɗa, ko kwana ya yi bai runtsa ba, amsar ke nan. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Fata ne nagari, addu'a ce, kara ce ga wanda ya tako ya zo gaishe ka. Matsalar ita ce mukan ɗauki wannan amsa tun daga zaure mu kai ta har gaban likita. A can kuwa tana iya jawo mana asara.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu. Ina da baffa, ƙanen mahaifina, manomi ne, ya haura shekara 60. Wata kaka ƙugu ya kama shi, ciwon yana sauka ta bayan cinyar dama har ƙwauri. Kusan wata biyu a zaune yake sallah. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Da ƙyar muka shawo kansa muka sa shi a mota zuwa wani asibiti. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya, marasa lafiya cike da benci. Da aka zo kansa, likita ya ce, "Baba, me ke damunka?" Ya ce, "Ɗan ciwon baya ne." "Yaya kake jin sa yanzu?" Baffa ya gyara zaman hula ya ce, "To, alhamdu lillahi, da sauƙi." Ni kuma ina tsaye a bayansa, kunya ta hana in ƙaryata babba a gaban mutane. Aka rubuta mana 'yan ƙwayoyi, muka kamo hanya. A mota duk ramin da aka faɗa sai in ga ya cije leɓe. Kuɗin mota sun tafi, yini ya tafi, ciwo yana nan. Kuma ban ga laifin likitan nan ba. Abin da aka faɗa masa, da shi ya yi aiki.

Bayan mako uku muka sake fita, wannan karon aka tura mu wajen likitar fisiyo, wato waɗanda muka fi sani da likitocin gashi. Yarinya ce, sa'ar 'yar baffan ta fari. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata." Sai ta yi murmushi ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Na karɓi gaisuwa. Yanzu kuma sai awo." Ta ce ya ɗauka sifili shi ne babu ciwo ko kaɗan, 10 kuma ciwon da ya fi kowane ciwo da zai iya tunaninsa. A ina nasa yake? Baffa ya dube ta ya ce, "'Yata, ciwo ai ba gero ba ne da za a auna." Ta ce, "To Baba, mu ɗauka geron ne. Ga kwanon awo. In babu ko ƙwaya a ciki, sifili ke nan. In ya kai rabi, 5. In ya cika ya tumbatsa yana zuba, 10. Naka kwanon, ina ya kai daren jiya?" Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya daɗe. Can ya ce, "Gaskiya saura kaɗan ya cika." Ta ce, "Mu ce 8?" Ya ce, "Takwas ɗin." Ta rubuta.

Wannan tambaya da ta yi masa ba dabararta ce ita kaɗai ba. Ma'auni ne da ake amfani da shi a asibitocin duniya, kuma yana da 'yan'uwa da yawa. Amma kafin mu zo gare su, me ya sa sai an tambayi mara lafiya? Zafin jiki akwai abin auna shi, a sa maka a hammata ya nuna lamba. Hawan jini a ɗaura maka a dantse a karanta. Zazzaɓin cizon sauro a tsaga yatsa a ɗiga jini, cikin 'yan mintuna a gani. Ciwo kuwa har yau babu na'urar da za a manna wa mutum ta faɗi yawan abin da yake ji.

Wani zai ce, to hoton ƙashi fa? Hoto yana nuna ƙashi, yana nuna karaya, yana nuna inda gaɓa ta cinye. Raɗaɗi ba ya fitowa a hoto. Likitoci sun daɗe da sanin cewa akwai dattawa da yawa da in an ɗauki hoton bayansu za a ga ƙashin ya tsufa, amma suna noma lafiya lau. Akwai kuma wanda ciwo ya hana shi barci, hoto ya fito babu wani abin a-zo-a-gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin masu ciwon baya 10, kusan 9 ba a iya nuna wata cuta guda a ce ga tushen ciwon. Mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan fage kam, ji ne a gaba. Tun 1968 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar da ake koyar da ɗaliban jinya har gobe, cewa a kan ciwo maganar mai jin sa ita ce hujja. Mu ma muna da tamu: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma kada mu ɗauka ƙaramin abu ne. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a faɗin duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata larura da ta kai shi hana mutane aikinsu. Mu nan ba ma buƙatar a kawo mana lissafi daga nesa. Tarihin baka na Kano ya ce maƙeran Gaya ne suka fara zuwa dutsen Dala neman tama, waɗanda ake kira Abagayawa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda kafaɗa ke shan masaba daga safe zuwa la'asar. Ga mai fartanya da ke yini a sunkuye. Ga mai daka da surfe, goyo a baya, taɓarya a hannu. Ga mai jan guga, ga ɗan acaɓa a hanyar da ruwa ya zaizaye, ga tela a kan keke. Da baya da gwiwa da kafaɗa muke cin abinci.

Yanzu bari mu bi ma'aunan ɗaya bayan ɗaya, domin ranar da aka miƙo maka ɗaya kada ya zame maka baƙo.

Na farko shi ne wanda aka yi wa baffa, daga sifili zuwa 10. Shi ya fi yawa, saboda ba ya buƙatar takarda ko biro, ko a waya ana iya yin sa. Galibi ma'aikatan lafiya suna ɗaukar 1 zuwa 3 a matsayin ciwo mai sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani.

Na biyu layi ne a takarda, tsawonsa santimita 10, babu lamba a jikinsa. Wannan bakin babu ciwo, wancan bakin ciwo ya kai maƙura. Kai za ka ɗiga alama inda naka ya tsaya, likita ya sa rula ya auna. Wannan yakan ɗan rikita tsofaffi da waɗanda ba su saba riƙe biro ba, shi ya sa akan fi yi musu na baki.

Na uku hotunan fuskoki ne guda 6 a jere, daga fuskar da ke cikin walwala zuwa wadda ciwo ya murtuke. Domin yara aka fara yin sa, amma yana taimakon duk wanda lissafi ke ba shi wahala. Sai dai a kula, ana so ka nuna fuskar da ta yi daidai da abin da kake ji a ciki. Ba wadda ta yi kama da fuskarka a madubi ba. Bahaushe yana iya murmushi alhali ciki na ci da wuta.

Na huɗu na kalmomi ne. A 1975 wani masani mai suna Ronald Melzack, a Jami'ar Makgil ta ƙasar Kanada, ya tattara kalmomi 78 da marasa lafiya ke siffanta ciwo da su, ya jera su rukuni-rukuni, daga baya a 1987 ya taƙaita su zuwa 15. Hikimarsa ita ce kalar ciwo tana nuna hanyar gano tushensa. Nan kuwa harshenmu ba ya jin kunya. Muna da zogi, muna da raɗaɗi, muna da suka kamar ana caka allura. Akwai ƙuna kamar an shafa barkono. Akwai wanda zai ce jijiya ce ke ja, wani ya ce ƙafar ta yi nauyi kamar ba tasa ba, wani ya ce kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata, wata ta ce gwiwa ta sage, in ta tashi da asuba sai ta ɗan taka kafin ta saki. Kowace daga cikin waɗannan labari ce ga likita. Ƙuna da tafiyar kiyashi da ciwon da ke harbawa zuwa ƙafa sukan nuna jijiya ce ta matsu. Sagewar safe takan nuna gaɓa. In ka tattara duka ka ce "sanyi ne," ka rufe masa ƙofa.

Na biyar, wanda ni a ganina ya fi dacewa da mu, ba ya tsayawa a kan yawan ciwo. Yana tambayar abin da ciwon ya hana ka. Akwai wani gari a yammacin Ingila, Oswestiri, mai babban asibitin ƙashi irin namu na Dala da aka buɗe a 1959. A 1980 likitocin can suka fito da takarda mai sassa 10: ƙarfin ciwo, wanka da sa tufafi, ɗaga kaya, tafiya, zama, tsayuwa, barci, auratayya, shiga jama'a, da bulaguro. Kowane sashe ana ba shi maki daga sifili zuwa 5, a haɗa a fitar da kashi cikin 100. A 1983 kuma wasu masana biyu a Ingilan, Roland da Morris, suka fito da tasu mai jimloli 24, kowace ka ce e ko a'a gwargwadon halin da kake ciki a ranar. Irin waɗannan tambayoyi mutuminmu ya fi sakin jiki da su. Dattijon da ba zai taɓa cewa "ina shan wahala" ba, in ka tambaye shi ko yana iya ruku'u, zai gaya maka gaskiya.

(Gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake auna ciwon baya da gaɓoɓi a asibiti.

Wani zai ce duk wannan ai da Turanci aka rubuta, mu ina ruwanmu? To albishirinku, an yi aiki a kai, kuma a gida aka yi. Tun 2009 masana a Jami'ar Ibadan suka fassara ma'aunin layin nan zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Sannan ƙwararrun fisiyo na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu suka ɗora. A 2019 aka buga takardar Oswestiri ta Hausa, a 2020 ma'aunin sifili zuwa 10, a 2021 kuma ta Roland da Morris. Kuma fassarar irin wannan takarda tana da ƙa'ida. Wasu su mayar da ita Hausa, wasu dabam da ba su ga ta asali ba su sake mayar da Hausar Turanci, a zauna a gwama a ga inda ma'ana ta zame, sannan a gwada ta a kan marasa lafiya na gaske, birni da ƙauye, masu karatun boko da waɗanda ba su yi ba. Ɗaya daga cikin masanan nan, Dakta Aminu Alhassan Ibrahim, ya kai aikin har asibitin Tsakuwa a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, inda aka riƙa bin masu daɗaɗɗen ciwon baya da waɗannan ma'aunai ana koya musu motsa jiki ana wayar musu da kai. Mutanen Tsakuwa manoma ne kamar na Chula ko Maimakawa. Abin da ya yiwu can zai yiwu nan. Wanda bai iya karatu ba, ma'aikaci ya karanta masa, shi kuma ya ba da amsa da bakinsa.

To yaya za ka amsa in an tambaye ka? Ga abubuwan da nake so mu riƙe.

Kada ka rage. Na san abin da ke hana mu: kada a ce namiji ya yi raki, kada a ce matar gida ba ta da dauriya, kada ya zama mun kai ƙarar Ubangiji wajen bayinsa. Malamanmu sun bayyana cewa gaya wa mai magani abin da ke damunka domin neman waraka bai saɓa wa haƙuri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada kuma ka ƙara. Akwai masu cewa 10 da an tambaye su, wai don a duba su da wuri ko a ba su allura. In ka ce 10 yau kana zaune kana hira, gobe in ciwon ya ninka me za ka ce? Ka cika kwano tun kafin hatsi ya zo.

Kada ka gwada lambarka da ta maƙwabcinka. Shidanka daban, shidansa daban. Amfanin lambar shi ne a gwada ka da kanka: kai na yau da kai na bayan mako biyu. Kamar awo ne a kasuwa. In ka sayi gero da kwano ɗaya ka sayar da wani kwanon, ba za ka taɓa sanin ko ka ci riba ba. Bincike ya nuna cewa in lamba ta sauka da maki 2, ko kusan kashi 30 cikin 100, yawancin marasa lafiya sukan ji a jikinsu cewa lallai an samu canji. Daga 8 zuwa 6 ci gaba ne, ko da ciwon bai tafi ba. Da wannan likita zai san ko ya ci gaba da maganin da ya ɗora ka a kai, ko ya sauya, ko ya tura ka gaba zuwa Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ka lura da lokacin da ake tambaya a kai. Ciwon gaɓoɓi yana hawa yana sauka. Za a iya ce maka, yanzu nawa ne? Mafi tsanani a makon nan fa? Mafi sauƙi fa? Sau da yawa mutum yana isa asibiti, ya huta a benci, ciwo ya lafa. Sai ka ce, "Yanzu 3 ne, amma in na sunkuya yana kai 7." Wannan amsa ta fi zinariya a wajen likita. Ka kuma faɗi tun yaushe. Ciwon da ya wuce wata 3 ana ɗaukar sa daɗaɗɗe, kuma hanyar kula da shi daban ce. In ka sha wani abu kafin ka fito, na kemis ne ko na gargajiya, in an yi maka ƙaho ko ka je wajen maɗori, duk ka faɗa. Ba don a yi maka faɗa ba ne.

Sai ku 'yan rakiya. Maigida, in ka kai iyalinka asibiti, aka tambaye ta, bar ta ta amsa. Ba a bayanka goyon yake ba. Ɗa, in ka kai mahaifiyarka, kada ka riga ta magana. In ka ga ta rage saboda kara, sai ka tuna mata cikin ladabi: "Inna, ai jiya ba ki yi barci ba." Abin da na kasa yi wa baffa ke nan a zuwanmu na farko. In kuma tambaya ta zo kan abin da ke tsakanin miji da mata, ɗan rakiya ya ba da wuri. Wanda bai so amsa wannan sashe ba yana da damar tsallake shi, lissafin ba zai lalace ba.

Yanzu wani gargaɗi. Lamba ba takardar sayen magani ba ce. A Amurka, daga tsakiyar shekarun 1990, aka matsa wa asibitoci su riƙa tambayar kowa lambar ciwonsa kamar yadda ake auna zafin jiki da bugun zuciya. Niyyar mai kyau ce. Amma sai aka koma neman a sauke lamba ko ta halin ƙaƙa, kamfanonin magani kuma suna ta tallata ƙwayoyi masu sa maye, aka yi ta rubuta su. Wannan na cikin abubuwan da suka jefa ƙasar cikin annobar da ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane. Mu ma mun ga namu. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Muna ganin tiramol a hannun 'yan ƙwadago, a sha da safe don kada a ji gajiya. Su ma ƙwayoyin ciwon jiki na yau da kullum, irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda masu talla ke ƙulla wa mutum kala uku kala huɗu a leda, in aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Ga daɗaɗɗen ciwon baya, abin da masana suka fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki da aka koya maka, da ci gaba da harkokinka gwargwadon iko, da fahimtar ciwon. Doguwar kwanciya ƙara sagar da baya take yi.

Akwai kuma alamomin da in sun zo, a ajiye zancen lamba, a nufi asibiti a ranar. In ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita. In tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓawa. In ƙafa tana raunana kana jan ta. In akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. In an faɗo daga bishiya ko babur. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya. In kuma yaro mai amosanin jini ne, wato sikila, ciwon ƙashi ya taso masa. Waɗannan ko da mutum ya ce 3 ne, ba a jira.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikatan lafiya na babban asibitin Gaya da ƙananan asibitocinmu na Ajingi da ƙauyuka, mun san layi da tsawo, hannu kuma kaɗan. Amma tambayar sifili zuwa 10 ba ta cin minti ɗaya. Ku yi ta da Hausa, ku rubuta a kati da kwanan wata, ku sake yin irinta in ya dawo. Kada ku sa wa mutum amsa a baki. In tsoho ya ce 8 yana murmushi, ku rubuta 8. Sannan ku ƙara tambaya guda: wane abu ɗaya ciwon nan ya hana ka wanda kake so ka koma yi? Wani zai ce noma, wata ta ce daka, wani ya ce tafiya masallacin Juma'a da ƙafa. Wannan shi ne abin da za ku sa a gaba ku da shi.

Ga aikin gida ga duk mai fama da baya ko gwiwa ko kafaɗa. Ka samu bayan littafin ɗanka na makaranta. Kwana 7, bayan sallar asuba da bayan isha'i, ka rubuta lambar ciwonka, da boko ko da ajami, ko ka ja 'yan sanduna yawan lambar. A gefe a rubuta aikin da ka yi ranar. Ranar zuwa asibiti ka tafi da littafin. Kai da kanka za ka fara gane abin da ke tayar da ciwon tun kafin likita ya buɗe baki.

Na san wasu na tambaya, to baffa fa? Likitar nan ta koya masa wasu 'yan motse-motse da zai riƙa yi a kan tabarma safe da yamma, ta nuna masa yadda zai durƙusa da gwiwa in zai ɗauki kaya maimakon ya sunkuya, ta ce kada ya kwanta, ya riƙa takawa. Da ta tambaye shi abin da ya fi so ya koma yi, bai ce gona ba. Ya ce, "In yi sallah a tsaye, 'yata." Bayan mako shida muka koma. Tun kafin ta tambaya ya ce, "Kwanon ya dawo rabi." Ta duba kati: 8 a da, 5 yanzu. Ciwon bai rabu da shi gaba ɗaya ba, har yau in sanyi ya shigo yakan motsa. Amma ya koma sahu, yana ruku'u da jama'a. Kuma in kuka je gaishe shi a zaure kuka ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce muku, kamar yadda ya saba. Lambar kuwa ya ajiye wa likita.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sa albarka a abin da aka girba. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)